Gurbin da Goggo Ta Hana a Cike

Ranar sadakar uku ta Goggo sai da muka aro tabarmi daga gida huɗu, duk da haka wasu a kan takalmansu suka zauna. Ni da nake 'yar wanta, wadda ta tashi a ɗakinta, rabin matan da suka cika tsakar gidanmu na Bodinga ban san su ba. Wasu daga Danchadi, wasu daga Sifawa, wasu daga ƙauyukan Shagari da ban taɓa takawa ba. Kowace ta shigo sai ta yi gaisuwa ta nemi wuri, can kuma ka ji tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita lamba kaza ce a littafin marigayiya. Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta yi ta alfahari ita ce lamba goma sha ɗaya, tana yi wa 'yan ɗari uku da wani abu kallon yaran jiya. Dariya ta kusa kuɓuce mini a tsakiyar zaman makoki, na kuma san da Goggo na nan ita za ta riga ni.

A ƙofar gida, wurin maza, wasu maƙera uku daga Mandera suka ƙi zama cikin baƙi. Suka shige sahun masu karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa da ƙanena. Da wani dattijo ya tambayi haɗinsu da gidan, babbansu ya ce marigayiya ce ta nemo musu ɗan'uwansu. Matar ƙanena kuwa, da tsohon cikinta, ba ta zauna ba tun ranar rasuwar. Ita ta roƙi a bar ta ta riƙa zuba ruwa lokacin wanka, ita ta dafa geron sadaka. Da na matsa mata ta huta, sai ta dube ni ta ce, "Yaya, in ba don tsohuwag ga ba, da yau baƙuwa nike gidan ga."

Saboda wannan maganar nake rubutun nan. Masu wa'azi sun faɗi sallar Goggo da azuminta, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da nake tsoron a manta shi ne yadda tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta zauna ta koyi tambayar kwamfuta da yatsa ɗaya, don kada gidan ƙanena ya watse a kan zato, kada kuma ya tsaya a kan ƙarya.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Haihuwa biyu ta yi, babu wanda ya kai yaye, mijinta kuma ya rasu tana da sauran ƙuruciya. Da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta riƙe mu ni da ƙanena. Ba mace ce mai laushin baki ba. In ka kawo mata labari, kafin ka kai tsakiya za ta tare ka da, "Ka gani ko an hwaɗa maka?" Muna yara mun tsani tambayar nan, don ita ke hana mu jin daɗin kai ƙara.

Ta yi allo, ta kuma yi ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa zamanin farar hula na biyu, da aka buɗe wani ƙaramin ɗakin shan magani tsakaninmu da Shagari, aka ɗauke ta mai rubuta kati. Katin gwamnati yana da wurin suna, da gari, da ranar haihuwa, da allurar rigakafi. Bayansa fari ne, ba a ce a rubuta komai ba. A nan Goggo ta buɗe nata ofishin. Ta riƙa rubuta wace mace ce, ban da uwa, ta ba yaron nono.

Kowa a ƙasarmu ya san hukuncin. Yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, ba aure tsakaninsa da 'ya'yanta, na gabansa da na bayansa. Hukuncin ba ya ɓacewa, malamai na nan. Abin da ke ɓacewa shi ne wa ya sha na wa. Shekarun nan kuwa an sha da yawa. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, damina ta yi gardama, madarar gwangwani sai an yi layi tun safe a dawo hannu biyu. Mata masu jego suna cin abin da bai isa ba, nono ya ƙafe, zazzaɓi ya kwantar da wasu. Jariri kuma bai san da wannan ba, kuka kawai yake. Duk maƙwabciyar da ke da ruwan nono sai ta ɗauka ta ba shi, ba wanda ke tunanin shekara ashirin gaba sai Goggo.

Da soja suka karɓi mulki aka rage ma'aikata, sunanta na cikin na farko. Ranar da ta je sallama ta tarar an tara tsofaffin katuna za a ba masu ƙosai su riƙa naɗi. Ta kwance gyalenta ta ƙunshe su ta ɗauko a ka. Daga nan ba albashi, ba kati, amma ba ta daina ba. Kwalin sabulu da na sukari take yankawa daidai girman katin gwamnati, in ta ji an haihu ta je barka da alƙalami a ƙugu. Mutane suka yi ta ce mata ma'aikaciyar da ba a sallama ba.

Akwai kuma littafin mata, mai baƙin bango. A wurinmu mace ba a cika kiranta da sunan yanka ba, sai inkiya, inkiyar kuma maimaituwa take. A lungu ɗaya sai ka sami 'Yar Sifawa biyu, don duk daga can aka auro su. Saboda haka Goggo ta ba kowace mace lamba, kowane yaro ma lamba. A bayan kati lambar mai shayarwa take sawa, mai son suna ya je littafi. Yadda lambobin da aka yi ta alfahari da su a zaman makoki suka samo asali ke nan.

Ni kuwa malamar firamare ce, na wuce arba'in, kuma ba wanda ya aike ni na je na sa sunana a wani kwas na ranar Asabar a Sakkwato, wai zan koyi gina shafin intanet. 'Yan ajinmu duk sa'o'in 'ya'yana ne, Hajiya suke ce mini kamar na zo kai ƙarar wani. Watannin farko na ji daɗi, launi ne da hoto da maɓallai. Sai muka iso rumbun bayanai, wato wurin da shafi ke ajiye abin da ya sani a jadawali, layi-layi, kowane layi da gurabensa. Akwai yaren da ake tambayar rumbun da shi, sunansa SQL. Malaminmu ya ce ginshiƙinsa kalma uku ne na Turanci, ma'anarsu zaɓo, daga, inda. Ka ce zaɓo sunan yaro, daga jadawalin yara, inda gari yake Sifawa, sai ta jero maka su. Ya ce kowa ya nemo bayanan gaske ya yi aikin gwaji da su. Nan na tuna da akwatunan ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Goggo.

Da ƙyar ta yarda. Kati ashirin take ba ni, sai na dawo da su cif ta ba ni wasu. Ina shigarwa ina jin kaina, har na yi mata gyara. Lambobin nan na ga wahala ce, na watsar, na zuba komai a jadawali ɗaya ina rubuta inkiya kai tsaye. Wasu katunan a bayansu ta ja layi, wasu ta bar su fari fat. Ni duk ɗaya na gan su, kuma gurbi fanko bai yi mini kyau a ido ba, sai na bi su duka na rubuta babu. Malaminmu ya taɓa cewa akwai alama ta musamman da ake sawa in ba a san abu ba, kuma ita daban take da babu. Ranar na ɗauka irin abin nan ne da ake haddacewa don jarrabawa.

Ana haka aka yi wani suna a Danchadi, matar ƙanena ta je. 'Yar Mandera ce, shekara goma sha wani abu da aurensu, 'ya'yansu huɗu. Wata tsohuwa ta tambayi ko ita 'yar wa ce, aka ce 'yar marigayiya 'Yar Sifawa ce ta Mandera, tana auren telan nan na kasuwar Bodinga, wato ƙanena. Tsohuwa ta riƙe baki. Ta ce ai ita da idonta ta ga 'Yar Sifawa na ba yaron nan nono, shekarar layin madara, lokacin da aka kai uwarsa asibiti. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma a gaban mata talatin ta faɗa.

In maganar ta tabbata, ƙanena da matarsa wa da ƙanwa ne, aure ya ƙare. Mahaifiyarmu ta rasu, mahaifiyarta ta rasu. Abin da kowa ya sani shi ne a lokacin iyayenmu sun je Mandera aikin gona, ciwo ya kama mahaifiyarmu aka wuce da ita Sakkwato, aka bar jaririn kwana tara a hannun maƙwabta. Liman ya ce kada a yi gaggawa, a nemi hujja. Matar ƙanena ba ta jira ba. Ta ce ba za ta iya kwana a ɗakin da take shakkarsa ba, ta ɗauki ƙananan yaran biyu ta koma gidan yayanta a Mandera.

Ni kuwa sai na ga ranata ta zo. Na buɗe kwamfuta na rubuta tambayata, zaɓo mai shayarwa daga jadawali inda suna yake na ƙanena. Amsa ta fito, babu. Na ɗauki kwamfutar a buɗe na ratsa tsakar gida ina kiran ƙanena, ina cewa ya je ya ɗauko matarsa. Har ya fara hamdala. Goggo na zaune tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba ta ce a kawo mata katin. Na kawo. Ta juya bayansa ta miƙo mini, fari fat.

"Wa yac ce ki rubuta babu?"

Na ce ai ba komai a wurin.

"Inda nij ja layi, na tambaya an tabbatam man ba wadda tab ba shi. Inda nib bari hwari, ban sani ba. Ni nit tahi jinyar uwakku, ina zan sani? Ban sani ba daban, babu daban. Kin ɗauki jahilcina kin maishe shi shaida."

Na tsaya da kwamfuta a hannu kamar mai tallan da aka ƙi saya. Kunya ta sa na fara gardama, na ce ita ba ta san yadda na'urar ke aiki ba. Ta ce na'urar ba ta yi laifi ba, abin da na ɗura mata ta amayar. Da ta gano na watsar da lambobi har na haɗe 'Yar Sifawa biyu na Mandera sun zama mace ɗaya, sai ta tashi ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. A na uku da hantsi ta fito da tabaraunta da ke ɗaure da zare, ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure ta ce in kawo yarinyar nan. Kwamfutar take nufi. Ta ce tunda ni ban iya tambaya ba, in koya mata ta tambaya da kanta.

Ta bayyana mini cewa ba a rasa hanya ba. In mace ta shayar da ɗan wata, a wuri biyu take rubutawa, a katin yaron da kuma katin jaririn da mai shayarwar ke goyo. In na ƙanena fari ne, wataƙila lambarsa na bayan katin wani. Sai dai katunan sun cika akwati uku, na shigar da abin da bai kai rabi ba, shi ma rabin na ɓata shi. Dole muka faro daga farko. Jadawalin yara daban, na mata daban, na shayarwa daban, lamba ke haɗa su. Da na gaya wa malaminmu tsarin littafinta, ya ce ai wannan shi ne darasin da zai koyar mako mai zuwa. Na kawo mata labari ina zumuɗi, ta ce in gaishe shi, in ce ya yi ƙoƙari.

Kullum daga hantsi zuwa azahar muke zama, don lokacin ne idonta ke gani sosai, ni kuma hutun makaranta ya zo mini daidai. Ita ke karanta katin, musamman na ajami da nake tuntuɓe a kansu, ni ina shigarwa. In mun gama na ranar sai ta karɓi kwamfutar. Kalmomin Turancin nan ta sa na furta mata su, ta rubuta su da ajami a kwalin sukari, a gefe kuma na zana mata haruffan bokonsu. Da yatsa ɗaya mai lalle take nemo kowane harafi, sai ta yi bisimilla kafin ta danna babban maɓalli. Sau da yawa takan manta alamar rufe tambaya, na'ura ta yi shiru tana jira, ita ma ta yi shiru tana jira, har sai na nuna mata. In ta yi kuskure Turanci ya zubo, sai ta ce yarinya ta yi hushi, a ba ta haƙuri.

Na nuna mata alamar tauraro, wadda in ka sa ta ake zubo maka duk abin da ke cikin layi. Ta ƙi ta. Ta ce wanda ya ce a ba shi komai bai san abin da ya zo nema ba. Ranar da ta fara haɗa jadawali biyu da kanta, ta ce a zaɓo sunan mace daga na mata inda lambarta ta yi daidai da ta cikin na shayarwa, sunaye suka fito a jere, sai da ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Yarinyag ga ba ta ƙarya, amma ba ta da hankali. Abin da kit tambaye ta shi taka ba ki. Hankalin naki na." Na yi alfahari da ita ranar, har na manta ni ce malamar.

Ƙanena bai ga abin alfahari ba. Mako uku ɗakinsa a rufe, ɗinki ya gagare shi, ya rame. Wata safiya ya zo ya durƙusa gabanta. Ya ce duk ƙasar nan ba wanda zai ja da maganarta, in ta ce ta tuna ba surukarsa ba ce, magana ta mutu. Ya ce ta dubi yaran nan huɗu. Goggo ta ajiye katin da ta riƙe ta dube shi, duk duniya ba wanda take so kamarsa.

"Ni nig goye ka," ta ce. "In na ce na tuna, ƙarya niy yi. Kuma kai da kanka, duk ranar da kad dube ta, za ka tuna ƙarya ta riƙe maka gida."

Ya tashi ransa a ɓace. A bakin zaure ya ce an mai da rayuwarsa wasan kwali da na'ura. Daga ranar ya daina shigowa gaishe ta, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya magana. Amma na lura tuwon da take ajiye masa ba ta daina ajiyewa ba.

Duk mako kuma sai ta hau mota ta je Mandera, da ƙullin daddawa da kuka. Matar ƙanena ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce Goggo ba ta taɓa ce mata komai zai yi daidai ba. Zama kawai take, ta yi wa ƙaramar 'yarsu kitso, ta ci abin da aka dafa, in za ta tafi ta ce ko yaya amsa ta fito, ita ɗiyarta ce, yaran kuma jikokinta ne. Ta ce wannan ya fi kwantar mata da rai a kan masu zuwa suna rantse mata ƙarya ce.

Da muka gama akwati biyu, tambayar da Goggo ta fara yi ita ce wadda za ta iya rusa gidan. Ta sa lambar mahaifiyar matar ƙanena, ta ce a zaɓo duk yaron da ya sha nononta. Na kau da kai. Layi biyu suka fito, babu ƙanena. Na buɗe baki zan yi murna, ta dube ni ta saman tabarau na rufe. Ta ce na'ura ba ta ce bai sha ba, ta ce ba ta gani ba a cikin abin da aka ba ta, kuma akwai sauran akwati.

Na ukun shi ne na kwalaye, na shekarun da aka sallame ta. Ruwa ya taɓa shiga, wasu sun manne, sai da wuƙa muke raba su. Ina shigar da lambobi ne kawai, kaina ya daina ɗaukar ma'anarsu. A cikin mako na shida, wata Laraba, ta karɓi kwamfutar kamar kullum ta sa lambar ƙanena, ta yi bisimilla ta danna. Layi ɗaya ya fito. Mace lamba tamanin da bakwai, kwana tara. Muka zaro kwalin. Na wata jaririya ce da ba ta rayu ba, a bayansa da hannun Goggo an rubuta lambar ƙanena, da cewa bayan dawowarta daga jinya mata biyu suka shaida mata. Ta je ta rubuta a can, hidimar mara lafiya ta hana ta dawowa ta cike nasa. Lamba tamanin da bakwai 'Yar Sifawa ce, amma matar maƙeri, wadda katanga ɗaya ta raba ta da ɗayar, surukar ƙanena.

Ni na gama, hawaye har sun zubo mini. Goggo ba ta gama ba. Ta ce wannan ya nuna wadda ta ba shi, bai nuna ɗayar ba ta ba shi ba. Sannan ta rubuta tambayar da ni ban yi tunaninta ba. Ta ce a zaɓo ranakun haihuwar duk 'ya'yan surukar ƙanena, a jero su daga na farko. Na farkon, wanda katinsa ke ɗauke da alamar haihuwar fari, ya zo duniya ƙanena na da shekara biyu da rabi, an daɗe da yaye shi. Lokacin kwana taran nan amarya ce, ba ta da abin da za ta ba jariri.

Sai a nan Goggo ta ajiye tabarau ta ce alhamdu lillahi, ta ce in aika a kira liman, don hukunci nasa ne ba na na'ura ba. Liman ya zo da dattawa biyu, suka duba kwalin da katunan, aka aika Mandera wurin babbar 'yar maƙerin, ta ce tabbas mahaifiyarsu ta sha faɗa musu suna da ɗan'uwa a Bodinga, ba su dai san wane ne ba. Tsohuwar Danchadi kuma Goggo da kanta ta je ta same ta, ta ce mata idonta bai yi ƙarya ba, 'Yar Sifawa ta gani, ta kuma gode mata da ta faɗa. Ranar Juma'a matar ƙanena ta dawo ɗakinta. Shi kuwa ya shigo da la'asar ya durƙusa gaban Goggo. Goggo ta tura masa kwanon tuwo ta ce ya huce tun ɗazu.

Na ƙarasa aikin kwas ɗina da wannan rumbun. Na gina shafi mai akwati ɗaya, ka sa lamba ya nuna maka wa ya sha na wa. Na so in ɗora shi a intanet kowa ya gani, Goggo ta ce nonon mata ba kayan kasuwa ba ne, mai tambaya ya zo da ƙafarsa ya faɗi dalili. Haka ya zauna a kwamfutata, da kalmar sirri. Ita ba ta ma son akwatin nawa, ta fi son baƙin allon da take rubuta tambayarta da kanta. Da aka ba ni takardar shaidar gama kwas ta juya ta gaba da baya, ta tambaye ni ina tata. Kafin damina ta fita, iyaye sun fara zuwa kafin a sa ranar aure, ita ke zama ta danna musu. In gurbi fanko ya fito, sai ta ce musu wannan ba ta sani ba, su je su tambayi tsofaffinsu tun suna da rai.

Ciwon ajalinta bai yi mako ba. Ta rasu bayan an ɗebe gero, da hankalinta, da kalmar shahada a bakinta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ta yi rayuwarta tana tsoron ta faɗi abin da ba ta sani ba, Allah ya sa da aka zo tambayarta amsa ta zo mata da sauƙi.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki matar ƙanena ta haifi mace, aka sa mata sunan Goggo. Tana da wata biyu zazzaɓi ya kwantar da uwar, maƙwabciyarsu ta ba jaririyar nono kwana biyu. Ban ma ji labari ba sai da na ga ƙanena da hantsi a zaure, da guntun kwalin zare a hannu, ya rubuta abin a bayansa. Ya ce a ba maƙwabciyar lamba, a ba yarinya lamba, kuma shi zai shigar.

Na buɗe masa, na ajiye kwalin sukarin Goggo a gabansa. Ya yi ta neman haruffa da yatsa ɗaya, telan da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba. Ya sa lambar yarinya, ya sa ta maƙwabciya, ya sa kwana biyu. Ya sa kansa a gurbin shaida ta farko, ya iso na ta biyu ya tsaya. Ya ce shi ya gani da idonsa, amma bai tabbata ko matar yayan maƙwabciyar na wurin ba. Na ce ai kullum tana gidan, ya sa ta kawai.

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon nan ta saman tabarau, ko da yake shi ba ya sa tabarau.

"Yaya, kin gani ko an hwaɗa miki?"

Ya bar gurbin fanko, ya yi bisimilla ya danna, ya tashi ya tafi tambayowa.